Tambayar da Na Koya wa Inna

A gidanmu Manaja ake ce mini, amma ni ba manajan kowa ba ne. Ni ne mutumin nan da za ka tarar a bayan kantar karɓar baƙi idan ka shiga ƙaramin otal ɗin da ke kusa da tashar mota, da farar riga da taye a wuya, ina yi wa baƙi irin murmushin da matata ta ce ita ba ta taɓa samu ba. Aikina miƙa makulli da karɓar makulli. Inna ce ta raɗa mini sunan ranar da ta fara ganina da taye. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, ku ba Manaja hanya, kada a taka masa takalmi." Sunan ya bi ni har 'ya'yana suka taso suna zaton gaskiya ne, ni kuma ban ga dalilin ɓata musu rai ba.

Saboda wannan kanta ne ake ganina a matsayin Baturen dangi. Gaskiyar magana, Turancina bai wuce 'yan jimlolin da na goge su suka yi sheƙi ba. Idan baƙo ya tsaya kan maganar ɗaki da ruwan zafi da abin karin kumallo, sai ka rantse a can aka haife ni. Idan ya kauce ya shiga hirar duniya, sai in ƙara faɗin murmushi in riƙa gyaɗa kai har Allah ya kawo wani baƙon.

Amma ba labarina zan bayar ba, na Inna ne.

Mahaifinmu ya rasu ina aji huɗu na firamare, Auta kuwa yana goye. Inna ba ta yi karatu ba, ba ta da jari, abin da take da shi hannu ne mai daɗin girki da baki mai kaifi. Da waɗannan ta sami aiki a ɗakin cin abincin ma'aikata na wani kamfanin sabulu, kuma a nan ta tsufa. Kullum ta dawo gida tana ƙamshin sabulu da albasa a haɗe. Har yau idan na shiga banɗakin otal na ji ƙamshin sabon sabulu, sai yunwa ta kama ni.

A kamfanin ba wanda ya san sunanta, Mai Ludayi kowa ke ce mata. Da an busa jiniyar rana, ma'aikata su jeru a gaban wata 'yar taga, kowa da farantinsa, ita kuma tana ciki tsakanin manyan tukwane. Abin da ya sa ta yi suna shi ne ba ta taɓa tambayar kowa abin da yake so ba. Fuskarka za ta duba ta zuba. Wanda ya shigo a yamutse, da alamar an yi faɗa a gida bai karya ba, sai ya ga an ƙara masa ludayi guda ba tare da an ce masa uffan ba. Mai mura ya sami romo da yaji. Sabon ma'aikaci mai kunya, wanda ke miƙo faranti yana kallon ƙasa, sai ya je ya zauna ya tono tsokar nama a ƙarƙashin shinkafa. Wata rana wani sabon akawu ya ce mata shi ba ya son wake. Ta ce, "Shi ma waken bai ce yana sonka ba, haƙuri za ku yi da juna." Ta zuba masa, ya cinye, washegari ya dawo.

Ra'ayinta a kan tambaya ɗaya ne, kuma mun sha jin sa. Takan ce duk wanda ya tsaya yana tambayarka ko za ka ci, addu'a yake yi a ransa ka ce a'a.

A gida ma haka take. Ta zuba mana, ta tsaya a kanmu da ludayi, faranti bai isa ya nuna gindinsa ba sai an sake rufe shi. Sai mun ƙoshi mun baje sannan za ka jiyo ta a kicin, a kan 'yar kujerarta, tana kankare gindin tukunya da cokali. Ƙar, ƙar, ƙar. Da wannan ƙarar muka girma. Mukan ce, "Inna da ƙanzonta, sai Allah." Da na yi aure ma, don in nuna ni ɗa ne na gari, na kafa doka a gidana cewa duk ranar da shinkafa ta kama, a kankare ƙanzon a sa a kwano mai murfi. Ni da kaina nake kai mata, ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya gina mata bene. Ta karɓa ta ce, "Allah ya yi albarka, Manaja."

Auta shi ne mai ƙwaƙwalwar gidan. Karatu ya kai shi wata ƙasa mai nisa, aiki ya riƙe shi, daga baya ya auri wata abokiyar aikinsa wadda ba ta jin ko "sannu" da Hausa. Mu dai Amarya muke ce mata har yau. Zuwansu na farko, Inna ta yi mako tana shiri. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, ita Amarya an tarbiyyantar da ita cewa barin abinci a faranti rashin kunya ne. Ita kuma Inna ba ta iya ganin faranti babu komai ta zauna lafiya. Sai aka haɗu. Amarya ta daure ta cinye, Inna ta ƙara. Ta sake daurewa ta cinye, Inna ta ce, "Ashe yarinyar nan yunwa suke bar mata a can," ta sake ƙarawa. Baiwar Allah tana ɗaga hannu tana murmushi, Inna na ɗauka godiya take yi. Kafin a je ko'ina cikinta ya ɓaci, ta kwanta, da ta farka kuma ta tarar da Inna a bakin gado da wani farantin, wai na masu jinya.

Da safe ina bayan kanta sai ga Auta ya shigo yana jan akwati, Amarya na biye da shi fuska duk ta faɗa. Ya ce, "Yaya, a taimaka mana da ɗaki." Me zan ce? Ga mai otal a tsaye yana kallo. Na ciro makulli na miƙa wa ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, kuma don tsabar sabo har na rusuna na tambayi Amarya da Turanci ko za ta so a kai mata shayi. A otal suka ƙarasa hutunsu. Inna ba ta yi fushi da Auta ba, ba ta yi fushi da Amarya ba, ni ta ɗaure wa fuska. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta nuna ni da baki ta ce, "Ga wanda ya ba su makulli nan."

Shekaru suka shuɗe ba su sake zuwa ba. Aka haifa musu 'ya mace, Inna ba ta san ta ba sai a gilashin waya. Ita kuma ta bar aiki, gwiwoyi suka fara ba ta labari, gidan ya yi mata faɗi. Tana dafa tukunya guda kamar da, ta rasa masu ci, sai 'ya'yan maƙwabta su yi ta shagali.

Rannan Auta ya kira ya ce suna tafe, har da yarinyar, wadda lokacin ta isa shiga makaranta. Da ya gama da Inna sai ya kira ni daban, ya sassauta murya. "Yaya, don Allah ka riƙe mana ɗaki ɗaya a wajenku, ko da za a buƙata. Kuma ka lallaɓa Inna. Su a can tambayar mutum ake yi kafin a zuba masa. Yarinyar nan idan aka matsa mata, ko ruwa ba za ta sha ba."

Ban san yadda zan fara gaya wa Inna ba, ashe ta riga ni. Ta aika aka kira ni, na same ta a kicin tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Manaja, wannan Turancin da kake yi wa baƙi har su ji daɗin zama a wajenku, zo ka zuba mini kaɗan."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ce, "Ni ba yarinya ba ce. Idan suka sake kwana a otal ɗinka, na san ba za su ƙara taka gidan nan ba sai an kira su ta'aziyyata. Ina so jikata ta kwana a ɗakina, ta san warin gidan ubanta."

Tun da nake ban taɓa jin Inna ta nemi wani abu a wajena ba. Tausayinta ya kama ni, amma ba zan ɓoye ba, wani daɗi ma ya ratsa ni. Yau ga Mai Ludayi za ta zauna a gabana in koya mata. Washegari da na tashi aiki ko taye ban cire ba na wuce gidanta.

Na ce mata, "Inna, abin ba wuya. Kalmomi uku ne, *would you like*. Ma'anarsu, ko za ka so. Ki ɗauke su kamar tire. Tiren ba ya canzawa, abin da kika ɗora a kai ne ke canzawa. Idan shayi ne, *would you like tea*. Idan ruwa ne, *would you like water*. Idan ƙari ne, *would you like more*. Har zama da kwanciya ana ɗorawa, *would you like to sit*, ko za ka so ka zauna."

Ta ce, "Wuju layik."

Na ce, "Saura kaɗan. Ki ɗan tattara leɓe."

Ta ce, "Leɓen nan ya girme ka, haka zai fita."

Ƙwaƙwalwa kuwa, Inna akwai ta. Kafin mako ya zagayo ta haddace sunan duk abin da ke kicin ɗinta, shinkafa da wake da ƙwai da kifi da burodi, tana ɗora kowanne a kan tirensa ba gargada. Na koya mata ta saurari amsa iri biyu. Idan ta ji *yes, please*, ta zuba. Idan ta ji *no, thank you*, ta janye. Matsalar ba a harshenta take ba, a hannunta take. Ni nake zama baƙo, in zauna a tebur in ƙame, ita kuma ta zo da tukunya. Kafin ta kai ƙarshen tambayar, ludayi ya riga ya sauka.

In ce, "Inna, ban amsa ba fa."

Ta ce, "To ai na ga amsar a fuskarka."

In ce, "Na ce *no, thank you*."

Ta ce, "Ƙarya kake yi, tun safe ba ka ci komai ba."

Abin haushin, gaskiya ta faɗa. Haka na riƙa cinye darasi faranti bayan faranti, har maɓallin farar rigata ya fara neman ceto. Daga ƙarshe na kafa mata doka cewa hannu yana baya har sai an amsa. Ka ga tsohuwa a tsaye, ludayi a ɓoye a bayanta, tana tambaya tana cije baki kamar mai shan magani.

Matata ta zo kallo wata rana, ta ce, "Ku yi musaya mana, kai ka tambaya ita ta amsa." Na dube ta irin kallon da masana ke yi wa jahilai na ce, "Wa zai tambayi Inna a kicin ɗinta? Kada ki ɓata mana lokaci." Ta ce Allah ya ba Manaja haƙuri.

Ranar da suka iso, Inna ta sha ado, ta tsaya a tsakar ɗaki hannu a baya kamar soja. Bayan an gama rungume-rungume da koke-koke, ta dubi Amarya, ta ja numfashi ta ce, "Wuju layik tii?" Amarya ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "*Yes, please*, Mama." Auta ya juyo ya dube ni baki buɗe. Ni kuwa na gyara taye na dubi silin, kamar wanda ya saba yin irin wannan abin al'ajabi kowace safiya.

Murnata ba ta daɗe ba, domin ga yarinyar. 'Yar siririya ce mai manyan idanu, tana maƙale da siket ɗin uwarta. Inna ta durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ta tambaye ta ko za ta so shinkafa. Yarinya ta ce, "*No, thank you*." Ko za ta so kifi? "*No, thank you*." Ƙwai? Burodi? Lemo? Duk amsa ɗaya, cikin ladabi da 'yar murya kamar ta mage. Da yunwa ta ishe ta sai ta je jakar uwarta ta ciro biskit ta koma lungu tana gutsura. Inna ta sa mata suna Tsuntsuwa.

Kowace "a'a" sai na ga ta sauka a fuskar Inna kamar mari. Matar da ta ciyar da kamfani guda, yau ga jininta na cin busasshen biskit a gidanta, hannunta kuma na ɗaure a baya bisa umarnina. Ga kuma akwatinsu. Babban akwati ne, an jingine shi a bakin ƙofar ɗakin da ta gyara musu, zif a rufe. Abin da za su sa kawai suke zarowa su mayar su rufe. Duk wucewar da Inna za ta yi sai ta saci kallonsa. Ta ja ni gefe ta ce, "Manaja, Turancinka ya hana jikata cin abinci. Da ka bar ni da hannuna da yanzu ta yi kumatu."

Na ce ta ƙara haƙuri, haka tsarin yake. Ni da ban taɓa ciyar da ko kyanwa ba.

Da hantsin wata Lahadi, ranar hutuna, haƙurin ya ƙare. Muna zaune a tebur, an tambayi Tsuntsuwa ta ce a'a kamar kullum. Sai na ga hannun Inna ya fito daga baya. Ta cika faranti da shinkafa da wake, ta dire a gaban yarinyar, ta ɗebo cokali guda ta nufi bakinta tana cewa, "Haba ƙawata, buɗe, don Allah buɗe, loma ɗaya." Yarinya ta tsorata ta fashe da kuka, ta ture cokalin, shinkafa ta watse a ƙasa. Amarya ta ɗauke ta ta rungume.

Auta ya sunkuyo wajen kunnena ya ce, "Yaya, ɗakin nan yana nan?"

A hankali ya faɗa, amma kunnen Inna ya saba tsinto magana a cikin ƙarar injinan kamfani. Ta ajiye ludayin a kan tebur, abin da ban taɓa gani ba, ta ɗauki tukunyar ta shige kicin. Jim kaɗan muka fara jiyowa. Ƙar, ƙar, ƙar.

Na zauna ina jin kunya da baƙin ciki, ina lissafin yadda zan sake miƙa wa ƙanina makulli. Auta ya dafe kai. Ba mu lura ba ashe Tsuntsuwa ta daina kuka, ta kasa kunne. Ta zame daga jikin uwarta ta bi ƙarar. Muka bi bayanta, muka tsaya a bakin ƙofa.

Inna na kan 'yar kujerarta, ta ba mu baya, tukunya a tsakanin ƙafafunta, tana kankara tana kai wa baki. Yarinyar ta tsaya tana kallonta, ta juyo ta yi wa uwarta wata magana mai tsawo wadda ta wuce Turancina na otal, sai Auta ne ya fassara mini. Wai tana tambaya ne, me ya sa kaka take tambayar kowa, amma ita ba wanda yake tambayarta?

Sai yarinyar ta laluba aljihun rigarta ta ciro rabin biskit, ta zagaya gaban Inna ta miƙa mata. Da irin muryar Inna, da irin karyewar harshenta, ta ce, "Wuju layik?"

Inna ta tsaya da cokali a hannu. Ta gane kalmomin sarai, ai nata ne. Amma sai ta juyo ta dube ni, irin kallon ɗalibin da aka yi wa tambayar da ba a koya masa ba.

Amarya ta shigo ta tsuguna kusa da ita, ta karɓi tukunyar a hankali ta ajiye gefe. Ta ce, "Mama, *what would you like*?"

Nan fa Manaja ya ga wurin aiki. Na matso na ce, "Inna, cewa take me kike so, a kawo miki." Ban ma jira ba na juya wajen Amarya don in amsa mata, ai uwata ce, wa ya fi ni saninta? Sai na nemi sunan ƙanzo da Turanci na rasa, domin ba a taɓa neman sa a otal ba. Na ɗauki tukunya ina nuna gindinta, ina kwaikwayon kankara, ina ɗaga babban yatsa.

Inna ta ce, "Me kake gaya mata?"

Na ce, "Na ce mata ƙanzo kika fi so."

Ta ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Haba Inna, tun muna yara fa."

Ta ce, "Tun kuna yara shi ne yake raguwa. In zubar?"

Na ji kamar an zare mini kujera. Na ce, "To wanda nake kawo miki a kwano fa?"

Ta ce, "Ɗana ya ɗauko abu tun daga gidansa ya kawo mini, in ce ba na so? Jiƙa shi nake yi, haƙorana ba sa iyawa."

Ba faɗa ta yi ba, da faɗa ne da ya fi mini sauƙi. Na tsaya riƙe da tukunya, na tuna yawan baƙin da nake tambaya a yini ko za su so ƙarin matashin kai, mutanen da ko sunansu ba na riƙewa. Auta ya juya fuska yana share ido da bayan hannu, shi ma bai tsira ba.

Amarya ba ta ji abin da muka ce ba, amma ba ta tashi ba, tana jira. Tsuntsuwa ma tana jira da biskit ɗinta. Inna ta dubi tukwanenta ɗaya bayan ɗaya kamar a cikinsu amsar take. Can ta ce, a hankali, kamar mai jin nauyin roƙo, "Ƙwai. Soyayye. Amma da zafinsa, daga kasko. Kullum sai ya huce yake isowa kaina." Sai ta tuna darasi, ta dubi Amarya ta ce, "Eg." Ta ƙara da abin da ta sha ji a bakin wasu, "Yes, filis."

Amarya ta kunna wuta. Inna ta yunƙura za ta nuna mata inda mai yake, Auta ya riƙe ta ya kai ta tebur ya zaunar da ita a kujerar da nake zama in yi baƙo. Zaman bai karɓe ta ba, sai mutsu-mutsu take yi, tana leƙen kicin, tana cewa wutar ta yi yawa. Aka kawo ƙwai yana tururi, da burodi a gefe. Ta sa loma ɗaya, ta rufe ido.

Tsuntsuwa ta hau kujerar kusa da ita ta zuba tagumi tana kallon kowace loma. Na ga hannun Inna ya ɗauki cokali ya nufi yarinyar, ya tsaya a hanya. Ta mayar da shi, ta sa ɗaya hannun ta danne shi a kan cinya. Sannan ta tura farantin tsakiyarsu ta ce, "Ƙawata, wuju layik?"

Yarinya ta dubi ƙwan, ta dubi kakarta, ta ce, "*Yes, please*."

Sau uku Amarya tana komawa kicin.

Da la'asar na fito tsakar gida na ga igiyar shanyar Inna cike da ƙananan riguna da safa. Akwatin yana kan gado a wangale, an kwashe kayan an jera a durowa. Auta ya biyo ni har bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ɗakin nan ka ba wani." Na ce dama ana nemansa, alhali otal ɗin rabinsa babu kowa.

Washegari kafin in tafi aiki na biya ta gidan. Baƙin ba su tashi ba, Tsuntsuwa na barci a gadon Inna ta yi ɗai-ɗai da ƙafafu. Na sami Inna a kicin za ta ɗora ruwa. Na karɓi butar daga hannunta na ce ta zauna. Na buɗe baki zan yi Turancin da na saba, sai na ga ba shi ake buƙata ba. Da Hausa kuma, wallahi sai da harshena ya yi nauyi kamar ban taɓa jin yaren ba.

Na ce, "Inna, me kike so a dafa miki yau?"

Ta dube ni, ta dubi tayen, na shirya jin baƙar magana. Sai ta jawo ɗayar kujerar da ƙafa ta tura mini.

Ta ce, "Zauna tukuna, Manaja. Ban saba ba, sai na yi tunani."